Kirsimetin bana ya zo amma zuciyata ba ta ciki, don Allah ku ba ni shawara

Maman Uku, Kaduna:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba sai yau, ku yi haƙuri in maganar ta yi tsawo, abin ne ya cika min ciki.

Maigidana ya rasu a watan Afrilu, ciwon sati biyu kawai, ya bar ni da yara uku, babbar shekararta 13 ƙaramin kuma 5. Wannan ne Kirsimeti na farko da za mu yi ba ya nan. Da shi ne mai komai, tun farkon Disamba zai kwashi yara zuwa wurin tela, ya sayo shinkafa da man gyaɗa, ran 23 ga wata mu shiga mota sai ƙauyensu can bayan Kafanchan, a yanka akuya a soya cincin, yara su yi ta yawo gida gida da sabon kaya har dare. Bana ko kuɗin motar ba ni da shi, ɗan kunun zaƙi da zoɓon da nake sayarwa da kyar yake kai mu ƙarshen wata, ga kuɗin makarantar Janairu yana jirana a bakin ƙofa.

Amma gaskiya ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Ran Lahadi da ta wuce a coci aka tayar da waƙar haihuwar Yesu, mata suna buga tulu kowa na rawa, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, bakina ya ƙi buɗewa, sai na ji kamar baƙuwa ce ni a ikilisiyar da na yi shekara 14 a ciki. Zumuntar Mata sun fitar da anko ban karɓa ba, na ce musu zan duba. Da muka dawo gida ƙaramin ya ce min Mama bana za mu yi Kirsimeti kuwa? Na rasa abin da zan ce masa, don a lokacin ne na gane duk abin da nake kira Kirsimeti abin da babansu yake kawowa ne.

To tambayata ke nan. In an cire shinkafa da nama da sabon kaya da tafiya gida, me ya rage? Na san amsar makarantar Lahadi, an haifi Mai Ceto, ni ma ina koya wa yarana haka, amma ina so wani ya gaya min yadda wannan maganar za ta shiga ɗakin da nake kwana ni kaɗai. Sannan zunubi ne in ban yi murna ba? Don wata ta ce min Kirista ba ya baƙin ciki a watan Disamba.

Tsohon malamin makarantar Lahadi, Jos:

'Yata sannu. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Wadda ta ce miki Kirista ba ya baƙin ciki a Disamba ba ta zauna ta karanta labarin da kyau ba, ki yafe mata.

Ki ɗauki Littafi Mai Tsarki ki buɗe Luka sura 2, amma kada ki tsaya inda muka saba tsayawa wurin mala'iku, ki gangara har aya ta 24. Da kwana 40 suka cika, Yusufu da Maryamu suka kai jaririn Haikali a Urushalima, aka ce sun miƙa hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu. Na yi shekaru ina karanta wa yara wurin nan ina wucewa kamar ba komai, sai wata rana na koma Littafin Firistoci sura 12 na ga ashe abin da Shari'a ta ce macen da ta haihu ta kawo shi ne ɗan rago bana ɗaya da tsuntsu guda. Tsuntsaye biyun nan sassauci ne aka yi wa wadda ba ta da halin sayen rago, aya ta 8 ta faɗa ƙarara. Kin ga ke nan gidan da Allah ya zaɓa ya sa Ɗansa a ciki, gida ne da ba su iya sayen rago ba a ranar da ta fi kowace rana muhimmanci gare su. Sun shiga layin talakawa a gaban kowa da tsuntsayensu a hannu. Ranar da na gane wannan na daɗe zaune ban tashi ba, don ni ma a lokacin ina jin kunyar abin da nake sawa a baiko.

Ki duba sauran labarin ma. Ba don biki suka je Baitalami ba, Kaisar Augustas ne can a Roma ya ba da umarni a yi ƙidaya, talaka kuma ba ya gardama da umarnin sarki, sai suka taso daga Nazarat, tafiyar da ta haura kilomita 100, mace da tsohon ciki. Suka isa babu wuri a masauki, ta haihu ta kwantar da shi a komin dabbobi. Mu a wasan kwaikwayon yara muna shimfiɗa farin zane mu sa fitila mai kyau, amma duk wanda ya taɓa kiwon dabba ya san warin wurin. Luka bai ambaci uwarta ko wata 'yar'uwa a kusa da ita ba, haihuwar fari kuma. Waɗanda aka fara gaya wa labarin makiyaya ne masu kwana a fili. Ni na yi kiwon awaki ina yaro a kan duwatsun nan namu, na san sanyin dare da yadda mutane ke matsawa in ka shigo taro da kayan kiwo a jikinka.

Kuma a cikin Haikalin nan, tsoho Saminu (wasu fassarar sun ce Simeyon) ya karɓi yaron ya yabi Allah, sannan ya juya ya gaya wa Maryamu takobi zai soki zuciyarta. Jaririn kwana 40 a hannunta aka gaya mata haka. To wa zai ce miki hawaye ba su da wuri a Kirsimeti?

Kin tambaya me ya rage. Suna guda ya rage, wanda Ishaya ya faɗa a sura 7 Matiyu kuma ya maimaita, Immanuwel, Allah tare da mu. Ni yadda na fahimce shi a tsufana, Allah bai tsaya daga nesa ya aiko da saƙon sannu ba, ya zo da kansa ya zauna a gidan makoki. Ke Bahaushiya ce ko kin tashi cikin Hausa, kin san bambancin wanda ya bugo waya ya yi miki gaisuwa da wanda ya zo ya shimfiɗa tabarma ya kwana uku a tsakar gidanki. Yohanna 1:14 ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ɗakin nan da kike cewa kina kwana ke kaɗai, irinsa ya fara sauka.

Kada ki tilasta wa bakinki waƙa. Ki je sujada ki zauna, in hawaye sun zo ki bar su.

Ɗan Matasa, Zariya:

Mama sannu da haƙuri. Ni dai a ganina wannan abin da ya faru dama ce ki gane duk wannan hidimar ta duniya ce kawai. Babu inda Littafi ya ce an haifi Yesu ran 25 ga Disamba, babu inda manzanni suka yi Kirsimeti, rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin a wannan ranar daga Roma ne wajen shekara ta 336, har yau ma Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar sai 7 ga Janairu suke nasu. Masana taurarin nan ma da suka kai wa Yesu kyauta, waɗanda muke cewa uku ne, Matiyu bai faɗi yawansu ba, kyautar ce iri uku, zinariya da lubban da mur, kuma a gida suka same shi ba a wurin dabbobi ba. Mun cika abin da al'ada, mutane na cin bashi don anko, matasa na shaye-shaye, Janairu ta zo kowa na kuka. Ki manta da shinkafa da kaya ki riƙe Yesu kawai, ki gaya wa yaran haka.

Uwar Zumunta, Gombe:

Ɗana na Zariya, abin da ka faɗa na tarihi ban musa ba, kuma maganar cin bashi don anko gaskiyarka ce mu ma muna faɗa da shi a zumunta. Amma ka taɓa zama gaban yaro ɗan shekara 5 wanda ubansa ya mutu ka ce masa ya manta da shinkafa? Yaro da cikinsa da idonsa yake fara gane ƙauna kafin ya gane wa'azi. Kuma ai abin da Baba na Jos ya gama faɗa ke nan, Allah ya ɗauki jiki, jikin da ke jin yunwa da sanyi, to ba zai rena tukunya ba. Ka karanta Nehemiya 8:10, mutane suna kuka da suka ji Shari'a, aka ce musu su je su ci mai kitse su sha mai zaƙi su kuma aika wa wanda ba shi da abin da ya shirya. Ba a ce su daina ci ba, cewa aka yi a raba. Laifinmu a coci shi ne mun riƙe rabin farko na ayar mun yar da rabin ƙarshe.

Yanzu ke ƙanwata. Ni shekara 9 ke nan da rasuwar nawa maigidan, saboda haka ba daga littafi nake miki magana ba. Kirsimetina na farko ban je coci ba ma, na kulle ƙofa na ce ciwon kai nake, yarana suka zauna suna leƙen na maƙwabta ta taga, har yau in na tuna abin yana min ciwo, shi ya sa nake roƙonki kar ki yi irin nawa. Abin da ya fito da ni wata tsohuwa ce a ikilisiyarmu, da yamma ta zo da kwanon tuwo da miyar kuka, ba shinkafa ba fa, tuwo, ta zauna a ƙasa ta ce yara ku zo mu ci Kirsimeti. Ba ta yi min wa'azi ko ɗaya ba. Da za ta tafi ne kawai ta ce in karanta labarin Hannatu.

Hannatu tana nan a Luka 2 ɗin da Baba ya ce ki buɗe, daga aya ta 36. Shekara 7 kawai ta yi da mijinta ya mutu, ga ta tsohuwa tukuf har ana maganar shekara 84, ba ta rabuwa da Haikali dare da rana tana addu'a da azumi. Ranar da aka kawo jaririn, firistoci da manyan gari suna nan suna harkarsu ba su san wanda ya shigo ba, gwauruwar nan kuwa ta gane shi, ita ce kuma ta fita tana ba da labarinsa ga masu jiran fansa. Ni wannan ya riƙe ni. Na ce ashe akwai abin da idon da ya sha kuka yake gani wanda mai ƙoshi ba ya gani.

Sai maganar a aikace, don addu'a ba ta hana dabara. Ki je wurin shugabar zumuntarku ki gaya mata gaskiya ba ki da kuɗin anko, kar ki ce za ki duba, mu shugabanni wani lokaci ba mugunta ba ce rashin sani ne, in kin yi shiru sai mu ɗauka dangin miji suna taimaka miki. Ba roƙo ba ne, hakkinki ne, Yakubu 1:27 ya ce addini na gaskiya shi ne kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu, in ikilisiya ba ta yi wannan a Disamba ba to me take yi da kayan godiyar kaka da aka tara? Yaran kuma ki wanke musu kayan bara ki goge da kyau, ki dafa ko mudu ɗaya ne da ɗan kifi, ki zauna ki ci tare da su, ki bar su su yi maganar babansu, kar ki hana, su faɗi abin da yake yi musu a ƙauye ku yi dariya ku yi kuka tare. Kuma ko yaya ki ɗebi kwano ɗaya ki ba babbar ta kai wa wani. Ni maƙwabciyata Musulma ce, duk Babbar Sallah sai naman layyarsu ya shigo gidana, duk Kirsimeti kwanona yana shiga nata, shekarar da na kulle ƙofa ita ce ta aiko yaro ya tambaya ko lafiya ba ta ga kwano ba. Kin ga har ita ta san akwai abin da ya ɓace.

Ɗan Katolika, Suleja:

Anti sannu, Allah ya ba da haƙuri. Bari in ƙara kaɗan daga ɓangarenmu ko zai yi amfani. Mu kafin Kirsimeti muna da Lahadi huɗu da muke kira Adbent, lokacin jira ne, Fada yana sa kaya launin shunayya irin na lokacin azumi, kuma ba ma rera waƙar ɗaukaka ga Allah a sama, wadda mala'iku suka yi wa makiyaya, sai daren Kirsimeti ake dawo da ita. Kowace Lahadi ana kunna kyandir ɗaya, ba a kunna su duka lokaci guda. Ina yaro ina ganin abin jan rai ne kawai, yanzu na gane ana koya mana ne cewa mutanen Allah sun daɗe cikin duhu suna jira, kamar yadda Ishaya 9 ya ce mutanen da ke tafiya cikin duhu sun ga babban haske. Saboda haka in zuciyarki tana cikin jira har yanzu ba ki fita daga layi ba, kina daidai inda kalandar ikilisiya take.

Wani abin kuma, washegarin Kirsimeti 26 ga wata muna tuna Istifanas wanda aka jejjefe, ran 28 kuma muna tuna yaran Baitalami da Hirudus ya sa aka kashe, 'yan shekara biyu zuwa ƙasa, inda Matiyu ya kawo maganar Irmiya cewa Rahila tana kuka don 'ya'yanta ta ƙi ta'azantuwa. Yusufu ya tashi da dare ya gudu da matarsa da jariri zuwa Masar, wato Yesu ya yi gudun hijira tun bai iya tafiya ba. Na da can da suka jera ranakun nan kusa da juna sun san abin da suke yi.

Mu nan ba labari ba ne a wurinmu. Madalla tana nan kusa da mu, ran 25 ga Disamba 2011 bam ya tashi a cocin St. Theresa daidai lokacin da mutane ke fitowa daga Mas na safe da kayan Kirsimetinsu a jiki, mutane da yawa suka mutu, wasu gida guda. Akwai iyalan da har yau ranar murnar kowa ita ce ranar makokinsu, kuma suna zuwa coci a ranar, wasu suna waƙa wasu ba sa iyawa, ba wanda yake ce musu sun yi zunubi. 'Yan'uwanmu na Bokkos da Barikin Ladi ma hari aka kai musu aka kashe mutane da yawa a jajibirin Kirsimetin 2023. In Kirsimeti na masu dariya ne kaɗai to rabin ikilisiyar Arewa ba su da rabo a ciki, ni kuwa ban yarda da haka ba ko kaɗan.

Ɗan Matasa, Zariya:

Mama Uwar Zumunta na ji, kuma na karɓa. Na yi saurin baki, tarihi na kawo inda ake bukatar ta'aziyya. Maman Uku ki yafe min don Allah. Mu matasan cocinmu muna fita waƙar karol gida gida satin nan, zan kawo shawara mu fara da gidajen da aka yi rashi bana maimakon gidajen da muka san za a ba mu kuɗi, don gaskiya haka muke yi.

Maman Uku, Kaduna:

Na gode muku duka, ɗana na Zariya ba komai ban riƙe ka ba. Baba na karanta wurin tsuntsayen nan sau uku, na kira babbar 'yata na nuna mata, ta ce Mama ashe su ma ba su yanka akuya ba. Ban ce muku nauyin ya sauka ba, jiya ma da dare na yi kuka sosai, amma na daina jin kamar ina yi wa Allah laifi da kukan.

Mama ta Gombe na bi maganarki na je wurin shugabarmu ran Talata bayan zumunta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, ashe ita ma tana ta tunanin yadda za ta tunkare ni kar in ji an rena ni. Ankon na ce ta bar shi, bana zan sa zanen da na ga dama in zauna a baya. Ƙauye ba za mu je ba, na kira surukata na gaya mata, muka yi kuka a waya, ita ma ai ɗanta ne, ta ce za ta aiko mana da acca da doya in an samu mai zuwa.

An ba ƙaramin makiyayi a wasan kwaikwayon yara na ran 24 da yamma, malamarsu ta ce kowa ya zo da sanda da tsohon mayafi. Sandar mun samu a bayan gida. Mayafin ne sai da na buɗe akwatin babansu, wanda ban taɓa ba tun Afrilu, na ciro bargon da yake yafawa in mun je ƙauye lokacin hunturu. Ya yi masa yawa yana jan ƙasa, na ce bari in naɗe in sa masa fil, ya ce a'a a bar shi haka. Tun shekaranjiya da shi yake kwana.

Ku sa mu a addu'a ran 24 ɗin, ban san ko zan iya kallo har ƙarshe ba amma zan je.